Me ya sa lissafin gudun ruwa da tsagewar kankare ke buƙatar dubban furosesa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin injiniyan gine-gine ne a Maiduguri. Tun bayan ambaliyar dam ɗin Alau a watan Satumban 2024 nake karatu kan yadda ake kwaikwayon gudun ruwa da tsagewar kankare a kwamfuta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ko'ina sai in ga an ce aikin yana buƙatar ɗaruruwa ko dubban furosesa, wato sassan kwamfuta masu yin lissafi. Me zai hana kwamfuta ɗaya mai ƙarfi ta yi? Kuma in an ninka furosesa sau dubu, saurin ma zai ninku sau dubu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan ambaliya, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri.

Ƙa'idojin lissafin da ke bayyana gudun ruwa sun daɗe a hannunmu, domin Nabiye na Faransa ya rubuta su a 1822, Sitoks na Ingila kuma ya kammala su a 1845. Sai dai ba a iya warware su da alƙalami sai a 'yan yanayi masu sauƙin gaske. Saboda haka ake yayyanka tafkin da jikin dam ɗin zuwa ƙananan gurabe, kamar an shimfiɗa musu raga, a lissafa matsi da saurin ruwa a kowane gurbi, a matsa gaba da ɗan taƙin lokaci, a sake. Idan ka ba kowane ɓangare, tsawo da faɗi da zurfi, gurbi 1,000, ka tashi da gurbi biliyan ɗaya. Idan ka ce a rage girman gurbin da rabi don a ƙara gani da kyau, gurabe za su ninku sau 8, kuma a hanyoyin da ke tafiya taki-taki dole a rage taƙin lokacin shi ma da rabi, bisa sharaɗin da masanin lissafi Kurant da abokan aikinsa biyu suka kafa a 1928, wato kada motsin ruwa ko na sauti ya tsallake fiye da gurbi ɗaya a taƙi guda. Aiki ya ninku sau 16 ke nan. Kwamfuta ɗaya ba ta da ma'adanar da za ta riƙe wannan, balle lokacin gamawa.

Tunanin raba aikin ya girmi kwamfutar kanta. A 1922 Bature Luwis Ricadsan, wanda ya shafe kusan mako shida yana lissafa hasashen yanayi na sa'a shida da hannu, ya kwatanta wani katafaren zaure mai mutum 64,000, kowa da yankinsa na duniya, kowa yana nuna wa maƙwabtansa sakamakonsa. Haka ake yi yau: a raba ragar yanki-yanki, kowace furosesa ta ɗauki nata.

Amsar tambayarka ta biyu kuwa ita ce a'a, kuma a nan ne ainihin fannin yake. Aikin ya yi kama da gayya, amma gayyar da ba wanda zai ja kunya ta gaba sai ya ji daga na damansa da na hagunsa, domin ruwan da ya fita daga yankin wata furosesa cikin yankin maƙwabciyarta yake shiga. A kowane taƙi sai sun yi musayar bayanan gurabun kan iyaka, galibi ta tsarin aika saƙo na MPI wanda aka fitar a 1994. Duba wannan da kyau. Furosesar da aka ba yanki mai gurbi 100 a kowane ɓangare tana da gurbi miliyan ɗaya, kuma kusan kashi 6 cikin 100 ne kawai ke kan iyaka. Idan aka ƙara yawan furosesa har rabon kowace ya koma gurbi 10 a kowane ɓangare, 488 daga cikin gurabunta 1,000 suna kan iyaka. Daga nan aika saƙo da jiran amsa sun fi lissafin cin lokaci. Ga kuma abin da masanin kwamfuta Jin Amdal ya nuna a 1967: in kashi 5 cikin 100 na aikin ba ya rabuwa, ko furosesa miliyan ka tara saurin ba zai wuce ninki 20 ba.

Tsaga ta fi ruwa wuyar sha'ani. Tun aikin masana biyu, Girifis kan gilashi a 1921 da Awin a 1957, aka san cewa ƙarfin da ke yaga abu yana taruwa ne a bakin tsagar, ta yadda duk sa'ad da tazararka da bakin ta ragu zuwa rubu'i, ƙarfin ya ninku biyu. Dole ke nan a cika wannan ɗan wuri da gurabe ƙanana ƙwarai. Sauti yana gudun kusan mita 4,000 a daƙiƙa cikin kankare, don haka, bisa sharaɗin Kurant, gurbi mai milimita ɗaya yana tilasta maka taƙi kusan miliyan 4 kafin ka kwaikwayi daƙiƙa ɗaya tak. Sannan bakin tsagar ba ya zama wuri ɗaya. Furosesar da tsagar ke ratsa yankinta tana fama, sauran ɗaruruwan sun gama suna zaman jiranta, jim kaɗan kuma nauyin ya koma kan wata. Sai an riƙa sake rabon yankuna ana tsaka da aiki, shi kuwa sake rabon yana da nasa tsadar. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro hanyoyin da ke barin tsaga ta ratsa cikin gurbi ba tare da an sake saƙa raga ba, irin wadda masani Belichko da abokan aikinsa suka gabatar a 1999. Idan aka haɗa biyun, ruwa ya shiga tsagar ya buɗa ta, buɗewar kuma ta ba ruwan sabuwar hanya, to manhajar ruwa da ta kankare sai sun daidaita da juna a kowane taƙi.

Akwai abin da nake so ka riƙe da muhimmanci fiye da yawan furosesa. A ranar 23 ga Agustan 1991, gindin kankare na dandamalin haƙar iskar gas na Sleipner A ya nitse kusa da birnin Sitabanga a Norwe, ana cikin gwajinsa. Bincike ya gano cewa lissafin kwamfutar ya rage ƙiyasin ƙarfin da ke kan wasu bangaye da kusan kashi 47 cikin 100, saboda yadda aka tsara ragar a wurin. Bangon ya tsage, ruwa ya riƙa shiga fiye da abin da famfuna za su iya kwashewa. A ganina injiniyan da bai iya gwada sakamakonsa da lissafin hannu da ma'aunin zahiri ba bai kamata a ba shi babbar na'ura ba tukuna.

Kai kanka za ka iya ganin duk wannan a laftof ɗinka. Manhajar OpenFOAM kyauta ce, kuma cikin darussanta akwai misalin fashewar dam. Ƙara wa ragarsa gurabe, ka gudanar da shi a furosesa ɗaya, sannan biyu, sannan huɗu, kana rubuta lokacin da kowanne ya ɗauka. Daga baya ka maimaita da raga mai gurabe kaɗan, ka lura da inda ƙarin furosesa ya daina rage maka lokaci.