Me ya sa mutanen Bududa ba sa barin dutsen nan?

Malam, ka tambaya me ke zaunar da mutanen Bududa, a gabashin Uganda, a gangaren dutsen Elgon bayan zaftarewar ƙasa tana ta cinye su.

Amsar tana cikin ƙasar kanta. Tsohon dutse ne mai aman wuta, ƙasarsa na da albarka, kofi da ayaba suna yi ba kama hannun yaro. To amma jama'a ta yi yawa, an sare itatuwa, an yi gonaki har inda akuya ma sai ta yi dabara. In ruwa ya kwana biyu yana zuba, ƙasar ta sha ta ƙoshi, sai ta sulale gaba ɗaya.

Haka aka yi a Nametsi ranar 1 ga Maris 2010, ƙasa ta rufe gidaje har da ƙaramin asibitin ƙauyen. A Oktoban 2018 kuma kogi ya ɓalle a Bukalasi da manyan duwatsu, mutum sama da 40 suka rasu.

Gwamnati ta kwashe wasu zuwa Kiryandongo, can nesa. Wasunsu sun dawo, ni kuwa ban ga laifinsu ba. Wa zai bar gonar kofinsa da kaburburan iyayensa don filin da bai san kansa ba?