Tambaya da Amsa: Nawa zan ce kuɗin lalle?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Gwaggo. Shekarata guda da fara zanen lalle. Damuwata faɗin kuɗi: in an tambaye ni sai kunya ta kama ni in ce "ba da abin da ya sawwaƙa". Makon jiya na wuni kan amarya da ƙawayenta huɗu a Arkilla, abin da aka ba ni da ƙyar ya mayar da kuɗin kaya da na Keke Napep. Yaya masu sana'ar ke yanke farashi?
Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Wannan kalma ta "abin da ya sawwaƙa" ta daɗe tana cutar da ni kafin in rabu da ita. Akwai daren jajibirin wata ƙaramar Sallah da na zauna kan tabarma tun bayan isha'i har kiran assalatu, wuyana ya sage, idona yana ruwa. Da na kwance bakin zane na ƙirga, ko kuɗin ɗinkin yarana bai kai ba. Ban ga laifin kowa ba, ni ce ban faɗa ba.

Ki sani ba garin lalle kike sayarwa ba. Garin da kika auno a Tsohuwar Kasuwa, da muhallabiya, da lemun tsami, da salatif da leda, duk ki rubuta su ki raba kan yawan mutanen da za su isa, amma su ne ƙaramin kaso. Babban kason zamanki ne. Saboda haka ki riƙa duba agogo. Fure ɗaya a bayan hannu daban, zanen amarya da zai hau har gwiwar hannu ya sauko ƙafafu zuwa ƙwauri daban, don shi yana iya cinye miki rabin wuni. Ƙunshin salatif kuwa mutane na raina shi, alhali yankan salatif ɗin nan siri-siri da jera shi a tafin ƙafa ya fi shafa lallen cin rai. Ki yanke wa awa guda kuɗinta a ranki. A ce kin sa 2,000, aikin awa 4 ya zama 8,000 kafin ki ɗora kaya. Misali na ba ki, ki daidaita da unguwarku, don abin da za a biya a Gawon Nama ba lallai a biya shi a ƙauyen Kware ba.

Zuwa gida kuɗinsa daban. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wadda ba ta ware kuɗin mota ba aljihunta take ci.

Kan biki, da uwar biki za ki yi magana, ba da amarya ba. Ki tambayi mutum nawa, ki faɗi na amarya, ki faɗi na kowace ƙawa, ki karɓi kafin alƙalami tun ba ki kwaɓa lalle ba. In ba haka ba, ana cikin aiki za ki ga an turo ƙanwar ango da 'yar maƙwabta, "ɗan ɗiga mata kaɗan". In za ki yi wa dangi ko marainiya alheri, ki faɗi kuɗin tukuna sannan ki ce kin rage, ko kin yafe don Allah.

Abin da ba na so ki yi don neman riba shi ne cika dayis ɗin gashi a baƙin lalle. Yana da araha, yana kamawa nan take, amma sinadarin PPD da ke cikinsa yana tayar wa wasu ƙuraje masu ruwa, har ya bar tabo daidai siffar zanen. Na taɓa ganin hannun wata amarya ya kumbura ranar ɗaurin aure. Ki tambayi kowace mace ko dayis ya taɓa yi mata illa. In ta ce e, ki yi mata jan lalle, ki gaya mata sai ya kwana biyu zai nuna sosai, don haka ta zo da wuri.