Amsa: Wace na'urar ruwan zafi zan saya wa gidan abincina?

Hajiya, tunda kin ce shayi da kunu kike sayarwa da safe, kar ki sayi irin disfensan ofis mai gora a sama, tankin zafinta ɗan ƙarami ne, kofi kaɗan aka ɗiba sai ruwan ya koma ɗumi-ɗumi kwastoma na tsaye. Ki nemi babbar tukunyar lantarki ta silba mai famfo, lita 20 ko 30.

Amma fa tana shan wuta, yawanci wat 2000 zuwa 3000 ce, mai 2500 sai ta yi kusan minti 40 kafin lita 20 ta tafasa, ƙaramin janareto ba zai ɗauke ta ba, in wutar unguwarku ba ta zama gara ki ɗauki mai gas kawai. Wajen haɗawa ki kira mai gyaran wuta ya ja mata layinta daban da waya mai kauri 2.5mm², soket ɗinta ita kaɗai, da wayar ƙasa (wato wayar "earth" mai kare mutum daga jan wuta), don Allah banda eskenshan, narkewa yake.

In ruwan borhol ne zai riƙa tara farin gari a gindinta, ki tafasa ruwan khal a ciki ki ɗauraye. Kuma ki ja wa yaranki kunne kar su kunna ta babu ruwa.