Filin Manoma: Tambayoyinku a Kan Noman Hof

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan tsiro guda, wanda Turawan Ingila ke kira hop, Jamusawa kuma su ce Hopfen. Mu za mu riƙa rubuta shi hof.

Daga wani mai karatu a Zariya: Na ga sunan hof a jerin kayan haɗin wani lemon malt da yarana ke sha. Mene ne shi, kuma yana sa maye?

Malam, ka kwantar da hankalinka, hof shi kansa ba ya ɗauke da barasa. Tsiro ne mai yaɗo da ke hawa igiya kamar yadda doya ke hawa sanda. Akwai namiji akwai mace, amma macen kaɗai ake nomawa, don ita ce ke fitar da ƙullin fure kore mai ɓawo-ɓawo, wanda bai fi babban yatsa girma ba. In ka tsaga ƙullin za ka ga wani gari rawaya mai danƙo a gindin kowane ɓawo. A nan ɗacin da ƙamshin suke. Gaskiya ce mafi yawan abin da ake nomawa kamfanonin giya ke saye, sai dai mayen giya daga tsimin hatsi yake zuwa. A lemon malt ana sa hof kaɗan ne don ya karya zaƙi. Ana kuma shan sa kamar shayi don samun barci, masu kiwon zuma a Amurka na amfani da sinadarinsa wajen kashe ƙwaron da ke addabar ƙudan zuma, a Beljiyam kuwa sabon tohonsa ake dafawa a ci. Abu ɗaya da za a kiyaye: guba ne ga karnuka.

Daga wani ɗalibi a Jamus: Na samu aikin wucin gadi a wata gonar hof a Hallertau, zan fara a Afrilu. Me zan tarar, kuma yaya aikin yake tafiya har ƙarshen shekara?

Allah ya sa albarka, ɗan'uwa. Ka faɗa cibiyar sana'ar, domin Hallertau da ke jihar Bavaria da kwarin Yakima na jihar Washington a Amurka su ne manyan wuraren noman hof a duniya.

Abin da za ka fara gani shi ne rumfa: dogayen dirkoki, an ɗaure kawunansu da wayoyi masu kauri, tsawo kamar mita 7. A Amurka rumfar ba ta cika wuce mita 5 da rabi ba. Daga saman ake sako siririyar waya zuwa gindin kowane tushe, yawanci biyu ga tushe ɗaya, su buɗe sama kamar harafin V. Jamusawa wayar ƙarfe suke sa wa, Amurkawa da Turawan Ingila kuwa igiyar ɓawon kwakwa. Hekta ɗaya a Hallertau takan ɗauki tushe wajen 2,000, ka ga wayoyi 4,000 ke nan.

Tushen ba ya mutuwa bayan girbi. Saiwa ce mai ido kamar ta citta, tana kwance a ƙasa duk hunturu, kuma takan yi shekara 15 zuwa 20 tana bayarwa. A Maris zuwa farkon Afrilu ake bi da inji a sare saman tushen tare da tohon farko. Kada ka ga kamar ɓarna ce. Tohon farko yakan zo da kauri amma cikinsa holoƙo ne, yana saurin karyewa, kuma a jikinsa cutar bara ke fakewa. Saran nan kuma shi ke daidaita ranar da toho na biyu zai fito.

Aikin da aka ɗauke ka dominsa shi ne naɗi, daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Mayu, kuma har yau hannu ke yin sa. Tushe ɗaya zai iya fitar da toho gommai. Za ka durƙusa ka zaɓi biyu ko uku masu tsawo ɗaya, kamar kamu guda zuwa biyu, ka naɗa su a kowace waya, sauran ka cire. Naɗin yana bin yadda hannun agogo ke juyawa in ka leƙo daga sama. In ka juya shi ɗaya gefen, kafin kwana biyu ya warware ya faɗo. Ka fi kula da kan tohon, domin in ya ƙalle wannan reshen ya daina hawa. Da sanyin safiya ya fi saurin ƙallewa, in rana ta ɗaga ya fi laushi. Ka sa riga mai dogon hannu da safar hannu, jikin yaɗon yana da ƙananan ƙayoyi masu kartar fata kamar ƙaiƙayi.

Dalilin da ya sa mai gona zai riƙa gaggauta ku shi ne hof da tsawon yini yake aiki. Muddin yini na ƙaruwa, hawa yake yi, a ranar ɗumi har santimita 30. Da zarar an wuce 21 ga Yuni yini ya fara raguwa, sai ya bar hawa ya koma fitar da rassan gefe da fure. Saboda haka ana so ya kai saman rumfa a daidai wannan lokaci. Wanda aka naɗa a makare fure zai riske shi a rabin waya, amfani ya ragu. Wanda aka naɗa da wuri fiye da kima shi ma yakan yi furen gaggawa mara yawa.

A wannan tsakanin ake huɗa ƙasa a gindi, a tsige ganyen ƙasa har tsawon mita ɗaya don iska ta ratsa. Takin naitirojin, wanda gona mai ƙarfi kan ci kilo 110 zuwa 170 a hekta, ana raba shi kashi biyu ko uku daga Afrilu, a tsaya da fitowar fure a Yuli. In aka ci gaba da zubawa, ganye zai yi duhu, darɓa ta samu wurin zama. Yuli da Agusta ne lokacin da ƙishirwa ta fi yi masa illa. Girbi daga ƙarshen Agusta ne zuwa cikin Satumba: a yanke yaɗon daga ƙasa, a fizgo shi daga sama, a kai wa injin da ke tsinke ƙullin. Hekta mai kyau takan ba da busasshe kimanin tan 2. Bayan nan sai gyaran dirkoki da wayoyi, a bar tushen ya huta.

Daga wata mai karatu a Ingila: Ina da tushe uku a bayan gida. Bana wasu tohon sun fito gajeru, sun yi fari-fari, ganyen ya nannaɗe, ƙarƙashinsa kuma baƙi-baƙi. Na ƙara taki, ba canji.

Malama, ba yunwa ce ke damun su ba. Wannan cutar fumfuna ce da ke kwana cikin tushe a hunturu, ta fito tare da toho. Baƙin da kike gani a ƙarƙashin ganye shi ne ƙwayoyin cutar, kuma ruwan da ya daɗe a kan ganye ne ke yaɗa shi. Ki yanke duk tohon da ya kamu tun daga gindi, ki ƙulle a leda ki zubar, kada ki sa a juji. Ki daina watsa ruwa daga sama, a gindi za ki riƙa zubawa da safe. Ki tsige ganyen ƙasa idan yaɗon ya wuce mita biyu, ki cire ciyawar da ke riƙe damshi. Feshin magani mai jan ƙarfe yana kare ganyen da bai kamu ba, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Tushen da ke maimaita haka kowace shekara, ki tona ki yanka saiwar. In kin ga cikinta ya yi ɗigo-ɗigon ja mai duhu, ki tumɓuke shi gaba ɗaya.

In zafi ya shigo kuma, ki riƙa juya ganye. Ɗigon rawaya a sama da siririyar saƙa a ƙasa alamar ƙananan jan gizo ne, waɗanda ƙura da fari ke haɓakawa.

Ita dai wannan mai karatu ta ƙara da cewa: Na bara da na shanya ya koma ruwan ƙasa, yana warin tafarnuwa.

Warin tafarnuwa alama ce ya wuce lokaci a kan igiya. Wanda ya nuna, in kika matse shi zai yi ƙarar takarda ya dawo yadda yake, garin ciki ya yi rawaya sosai, yatsu su yi danƙo. Ɗanye kuwa laushi gare shi da warin ciyawa. Don tabbatarwa, ki auna giram 100, ki busar da shi ƙayau, ki sake aunawa. In ya rage giram 22 zuwa 24, lokacin tsinka ya yi.

Canjin launi kuma daga shanya ne. Ƙullin da aka tsinka kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, in aka tara shi a buhu cikin awanni kaɗan zai ɗau zafi. Rana ma tana ƙona shi. Ki baza shi a kan raga a inuwa, kaurinsa kada ya wuce yatsa uku, ki kunna fanka, ki riƙa juyawa, kwana biyu zuwa uku. Manyan gonaki iska mai zafin digiri 55 zuwa 65 suke hurawa, abin da ya haura haka yana kore ƙamshi. Ana so damshi ya sauko zuwa kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, wato kilo 10 na ɗanye ya koma kusan kilo 2 da rabi. Ki lanƙwasa ɗan karan da ke tsakiyar ƙulli, in ya karye ya bushe. Sai ki matse iska daga leda ki sa a firiza.

Daga wani manomi a Jos: Muna da sanyi, muna noman dankalin Turawa da tuffa. Hof ba zai yi a nan ko a Mambila ba?

Malam, ba mu ba ka shawarar zuba kuɗinka ba. Sanyin ba shi ne babbar matsalar ba, hasken rana ne. Hof yana son yini mai awa 15 zuwa sama kafin ya yi tsawo, shi ya sa gonakinsa suke tsakanin digiri 35 da 55 daga layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. A Hallertau yinin Yuni awa 16 ne. Jos tana kusa da digiri 10, yini mafi tsawo a can bai kai awa 13 ba. Tsiron zai ɗauka kaka ta yi tun yana ƙarami, ya yi fure kafin ya kai rabin igiya. Ga shi kuma ba zai samu makonnin tsananin sanyin da saiwar ke bukata ta huta ba, don haka tohon baɗi zai fito a warwatse.

Akwai waɗanda suka kewaye wannan. A garin George na Afirka ta Kudu an samar da irin da ya saba da gajeren yini, a Burazil da jihar Fulorida kuma fitilu ake kunnawa a saman rumfa da dare, a kashe su idan yaɗon ya kai sama don fure ya fito. Wannan na bukatar wutar da ba ta yankewa na makonni a jere, da rumfar mita 5 zuwa sama, da ɗakin busarwa, da wurin sanyi na ajiya, sannan mai saye wanda ya riga ya saba da kayan Jamus da Amurka. In gwaji kake so, ka fara da tushe biyar zuwa goma a ƙasa mai tsane ruwa, tazarar mita ɗaya, da fitilar sola da za ta ƙara awa huɗu bayan magariba, ka rubuta ranar toho da ranar fure da nauyin abin da ka tsinka har shekara uku kafin ka sayi dirka ko ɗaya.