Bututun da ke ɗumama gida a Suwidin, zai sanyaya gida a Sakkwato?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ɗana yana karatu a ƙasar Suwidin. Ya ce mini gidan da yake haya ba a hura wuta, ba a kunna hita, amma ɗaki da ɗuminsa ko ana zuba ƙanƙara a waje. Wai rami aka haƙa a bayan gida kamar burtsatse, aka zura bututu, daga nan ake jawo zafi. Har ya ce lokacin zafi abin yana sanyaya gida. Ni kuma ina gini a wajen Arkilla, bayan salla masu burtsatse za su zo. Shin maganar gaskiya ce? In gaskiya ce, in sa su haƙa mini rami na biyu in huta da AC?
Daga wani Alhaji a Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa a kammala ginin lafiya, a shiga a sa'a. Yaron bai ƙara gishiri ba, yadda ya faɗa haka yake. Amma kada ka biya kuɗin rami na biyu tukuna, don ƙasar da ke ƙarƙashin gidansu da wadda ke ƙarƙashin filinka ba ɗaya ba ce.

Mu fara da rijiya. Duk wanda ya taɓa jan guga da asuba a tsakiyar hunturu ya san ruwan yakan fito da ɗumi-ɗumi. Rijiyar nan dai, in ka koma mata da azahar a watan Afrilu, sai ka ji ruwan da sanyi. Ruwan yana nan yadda yake, iskar waje ce ta sauya, hannunka kuma da ita yake gwadawa. Zafin rana da sanyin dare ba sa ratsa ƙasa fiye da kamu ɗaya ko biyu. Bambancin bazara da hunturu ma, kafin a kai zurfin mita 10 zuwa 15 ya ɓace. Daga nan ƙasa takan zauna a kan zafi guda shekara da shekaru, kusa da matsakaicin zafin iskar garin a tsawon shekara, ko ta ɗara shi kaɗan. In an ci gaba da nutsawa zafin yana ƙaruwa da wajen digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, amma ramin gida ba ya kai can. Don haka kada a haɗa wannan da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da ke Yankari. Wannan ana iya yinsa a ƙarƙashin kowane fili.

A wajen Stockholm ƙasar tana kan digiri 7 ko kusa da haka. A wurinmu wannan sanyi ne na fitar hankali, amma ranar da iskar waje ta sauka digiri 10 ƙasa da sifili, cikin ƙasa ya zama wuri mai ɗumi. Abin da ya rage shi ne yadda za a ɗauko ɗumin digiri 7 a ɗumama ɗaki da shi har ya kai 21.

Na'urar da ke wannan aikin tana gidanka yanzu haka, ita ce firji. Sa hannu a bayansa za ka ji zafi. Zafin ruwa da naman da ke ciki ne aka kwaso aka zubar a waje, haɗe da na wutar da kwampreso ya ci. Gas ɗin da mai gyara ke ɗura wa firji yana tafasa tun a sanyin da ruwa ke daskarewa, har ƙasa da haka. In yana tafasa sai ya tsotse zafin abin da ke kusa da shi, kamar yadda ruwan da ke tsattsafowa a jikin randa ke tafiya da zafi in yana bushewa. Sai kwampreso ya matse tururin. Iskar da aka matse kuwa zafi take yi, taɓa kan injin mai faci bayan ya ba taya iska ka ji. Tururin mai zafi ya bi wani bututu ya saki zafinsa, ya koma ruwa, ya ratsa wata 'yar ƙofa mai ƙunci ya sake yin sanyi, a sake zagayowa. Turawa suna ce wa irin wannan na'ura famfon zafi, kuma sunan ya dace. Famfo yana tura ruwa daga ƙasa zuwa tanki a sama, wannan yana tura zafi daga wuri mai sanyi zuwa wuri mai ɗumi. A gidan da ɗanka yake, ƙasa ce cikin firjin, ɗakuna su ne bayansa.

Ramin kan kai mita 100 zuwa 200 a cikin dutse. Ana zura bututun roba mai ƙwari wanda ya sauka ya lanƙwaso ya hau, a cika shi da ruwa gauraye da maganin hana daskarewa. Ba a ɗebo ruwan ƙasa ko ɗigo. Ruwan cikin bututun ne ke zagayawa, ya sauka da sanyi, ya dawo da ƙarin digiri 3 ko makamancin haka, na'urar ta ƙwace ƙarin ta sake kora shi. Mai fili babba ba sai ya yi burtsatse ba, yakan shimfiɗa bututun a kwance, zurfin mita 1 zuwa 2, a mayar da ƙasa a shuka ciyawa a kai. Ita na'urar girmanta kamar dogon firji ne. Tana fitar da ruwa mai zafin digiri 35 zuwa 55, ya zaga ƙarƙashin daɓe ko ta wasu ƙarafa a jikin bango, har da ruwan wanka.

Ribar a wajen wuta take. Hita in ta ci yunit 1 na lantarki, yunit 1 na zafi take bayarwa, ba ƙari. Famfon zafi in ya ci yunit 1 yana shigar da 3 zuwa 4, wani lokaci har 5, don shi ɗauko zafi yake yi daga inda yake. Amma riƙe wannan, za mu bukace shi an jima: yawan ribar ya dogara ga tazarar da ke tsakanin inda ake ɗauko zafin da inda ake kai shi. Famfon da ke tura ruwa bene ɗaya da wanda ke turawa bene uku ba sa cin wuta ɗaya.

Dabarar ba ta jiya ba ce. Masanin kimiyya na Birtaniya Lord Kelvin ya bayyana ta tun 1852, wani injiniya mai suna Heinrich Zoelly ya yi wa tsarin ɗauko zafi daga ƙasa rajista a Suwizalan a 1912, a 1938 kuma aka ɗumama zauren majalisar birnin Zurik da zafin da aka tsamo daga kogin Limmat. Bayan tashin farashin mai na 1973 ne Suwidin ta rungume ta, yau gidaje dubu ɗaruruwa ne ke kanta a can. Manyan gine-gine sun fi cin moriyarta. Jami'ar Ball State da ke Indiyana a Amurka ta haƙa ramuka wajen 3,600, ta haɗa gine-gine 47, ta kashe tukwanen kwal da take ɗumama su da su. Tsada kuwa akwai ta, har a can. A Ingila gwamnati tana ba mai gida tallafin fam 7,500 don ya saka, kuma tallafin ba ya biyan aikin rami da na'ura gaba ɗaya.

To, mu dawo Arkilla. Mu ɗumama gida ba damuwarmu ba ce. Tsananin sanyin hunturunmu na 'yan makonni ne, bargo da rigar sanyi sun ishe shi (kaskon gawayi dai kada a kwana da shi a ɗaki rufe, yana kisa ba tare da an ji wari ba). Abin da ka tambaya shi ne sanyi, kuma a nan gizo ke saƙar. Matsakaicin zafin Sakkwato a shekara yana wajen digiri 28, saboda haka ƙasar da ke ƙarƙashin filinka za ta zama wajen 29 ko 30. A Suwidin lokacin zafi ba sai an tayar da kwampreso ba, ruwan da ya hauro daga rami da sanyinsa ake zagayawa da shi a gida, kusan kyauta. Abin da yaron ya gani ke nan. Ruwan digiri 30 kuwa ba zai sanyaya maka ɗaki zuwa 25 ba, ko ka zagaya da shi sau dubu. Dole sai da kwampreso. Ma'ana ba ka huta da AC ba, akwatinsa na waje kawai ka musanya da rami.

Musanyar tana da amfani, ba zan ɓoye maka ba. Da azahar a Afrilu ko Mayu akwatin AC yana zubar da zafi cikin iska mai digiri 42 ko fiye, shi ya sa za ka ji yana gurnani sanyin bai taka kara ya karya ba. In da rami ne, cikin ruwa mai wajen digiri 35 zai zubar, don ruwan bututu yakan ɗara ƙasar da ke kewaye da shi. Masu aikin sanyi suna ƙiyasta cewa duk digiri 1 da aka rage yana rage cin wuta da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Ka ga a tsakiyar bazara za a iya rage wajen kashi ɗaya cikin biyar. Amma da daren damina, ko da hunturu, iskar waje ta fi ƙasar sanyi, a lokacin AC na kasuwa ya fi mai rami.

Sai lissafin tsawo. AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana kwashe zafi wat 3,500 daga ɗaki, in an haɗa da wutar da ya ci abin da zai zubar ya kai wajen wat 4,500. Ƙasa mai damshi tana karɓar wajen wat 50 a kowace mita ta rami, busasshen rairayi kuwa da ƙyar ya kai rabin haka. Raba 4,500 da 50, mita 90 ke nan don ɗaki ɗaya, in ƙasar ta yi kyau. Falo da ɗakuna uku sai mita 360, wato ramuka uku ko huɗu, kowane da tazarar aƙalla mita 5 ko 6 da ɗan'uwansa. Su can Suwidin dutse ne mai riƙe kansa. Namu yankin rairayi ne da yumɓu da farar ƙasa irin ta Kalambaina, ramin yana son rubzawa, kuma dole a cike gefen bututun da kwaɓi na musamman don ya manne da ƙasa, ya kuma hana ruwan shadda gangarawa cikin ruwan sha. Tambayi masu burtsatsenka nawa suke haƙa mita ɗaya, ka ninka.

Abin da ya fi damuna shi ne na gaba. A ƙasashen sanyi suna ɗibar zafi daga ƙasa da hunturu, da yawa kuma suna mayar mata da wani lokacin zafi, kamar rumbu, a ɗiba a zuba. Mu zubawa kawai za mu yi, wata tara ko goma a shekara, ba ɗiba. Ƙasa kuwa tana da nauyin jiki wajen sakin zafi. Ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan misali ne. Yumɓun da ke kewaye da su yana wajen digiri 14 lokacin da aka haƙa su, amma zafin jirage na fiye da shekara ɗari ya taru har ya haura 20 a wurare da dama, yanzu sanyaya su ya zama aiki. Ramin gida ba zai jira shekara ɗari ba. In an matse ramukan wuri ɗaya a busasshiyar ƙasa, cikin 'yan shekaru ribar nan ta kashi ɗaya cikin biyar za ta fara zaizayewa. Ga na'urar sai an yi odarta daga waje, kuma ranar da ta tsaya, mai gyaran AC na unguwa bai taɓa buɗe irinta ba.

A ganina, gida ɗaya a Sakkwato kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Inda zan tsaya in saurari mai wannan shawara shi ne babban gini kamar asibiti ko otal, wanda ke sanyaya ɗakuna dare da rana kuma yake bukatar ruwan zafi na wanka da wanki. A nan zafin da aka kwaso daga ɗakuna sai a tura shi tankin ruwa, ƙasa ta karɓi saura. In ginin yana kusa da fadamar Rima, inda ruwan ƙasa ke kusa kuma yana motsi, ya fi, don ruwa mai tafiya yana wucewa da zafin. Ko shi sai an yi ramin gwaji an auna kafin a zana komai. Aiki ne irin wanda ya dace da Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Kai da ginin bai kai rufi ba, kana da damar da mai tsohon gida ba shi da ita. Kuɗin ramin nan ka kai shi sama. Kwano mai haske, a sa abin tare zafi a ƙarƙashinsa, a bar wa iskar cikin silin mafita. Bangon yamma a yi masa baranda ko a dasa dogon yaro, tagogin gabas da yamma a rage musu girma. Soron kakanninmu da kaurin bangonsa abin da rijiya ke yi yake yi, yana jinkirta zafin rana har dare ya yi. Bayan haka ka sayi AC mai inbata, ka haɗa shi da sola tunda lokacin da rana ta fi ƙuna shi ne lokacin da faranti ya fi kawo wuta, ka ajiye akwatin waje a inuwa inda iska ke wucewa, a riƙa wanke masa ƙura musamman bayan hunturu.

Kuma gani ya kori ji. Ranar da aka gama burtsatsen ruwan sha, ka bar famfo ya yi minti 15 yana zuba, ka tara a bokiti, ka tsoma ma'aunin zafi nan take kafin rana ta taɓa shi. Irin na firji ko na ɗakin gwajin makaranta ya isa, na auna zazzaɓi ba ya sauka ƙasa sosai. Lambar da ka gani ita ce zafin ƙasar filinka. Ka aika wa yaron ya gwada ta da ta mai gidansu.