Tsiro a al'aura: tambayoyinku ga likita

Tambaya: Likita, wasu ƙananan tsiro sun fito mini a gaba, ba sa zafi, sai ɗan ƙaiƙayi. Shekarata uku da aure, ban san wani namiji ba sai mijina. Shin ya ci amanata ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ki dakata da zargin nan tukuna. Irin wannan tsiro galibi ƙwayar cutar HPV ce ke kawo shi, kuma ta hanyar saduwa take yaɗuwa, idan fata ta taɓa fata. Amma takan kwanta a jiki makonni, watanni, wani lokaci shekaru, ba tare da alama ba. Mutum na iya ɗauke da ita tun kafin aure bai sani ba. Babu likitan da zai dubi tsiron ya faɗa miki ranar da aka kamu ko wanda ya fara kawo ta. Ki je a duba ki, domin tunjere ma kan fito da abin da ya yi kama da shi, kuma maganinsu daban ne. Maigidan ma a duba shi.

Tambaya: Na ji an ce HPV ce ke kawo sankarar bakin mahaifa. Ke nan tsiron da nake da shi zai zama sankara?

Amsa: Ki kwantar da hankalinki. HPV iri-iri ce, fiye da 100. Nau'i na 6 da na 11 ne ke jawo kusan kashi 90 cikin 100 na tsiron al'aura, kuma ba su ne masu kawo sankara ba. Masu wannan aika-aikar su ne irin na 16 da na 18, waɗanda ke haddasa kusan kashi 70 na sankarar bakin mahaifa, su kuma ba sa nuna kansu. Don haka ki riƙa yin gwajin bakin mahaifa, da tsiro ko babu.

Tambaya: Likita, an cire mini a asibiti, bayan wata biyu ya dawo. In sa reza in yanke da kaina?

Amsa: Kul, ɗan'uwa! Jini za ka zubar, ka kuma baza tsiron ga fatar da ke kusa. Maganin tsiron hannu da ƙafa ma kada ya kusanci wurin. Dawowarsa a watannin farko ba abin mamaki ba ne, domin tsiron ake cirewa, ƙwayar kuwa garkuwar jiki ce ke gamawa da ita, galibi cikin shekara biyu. Ka koma: ana daskarar da shi, ana ƙona shi, ko a ba ka man shafawa irin su imikwimod. Idan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a yi maka gwajin ƙanjamau. Kwaroron roba na rage yaɗuwa, amma bai rufe duk fatar ba.

Tambaya: Ina da ciki, sai ƙara girma yake yi.

Amsa: Ciki kan sa hakan, sau da yawa kuma yakan ragu bayan haihuwa. Kada ki shafa maganin tsiron da ake kira podofilin, bai dace da mai ciki ba. Ba a yin tiyatar ciro jariri don tsiro kawai, sai in ya toshe hanyar haihuwa.

Tambaya: Allurar rigakafin HPV za ta warkar da nawa?

Amsa: A'a, kariya ce kafin kamuwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Allurar rigakafin da ake kira Gardasil, wadda ta fito a 2006, tana kare mutum daga nau'i huɗun da na ambata.