Ina son karatun injiniya, a gida an ce aikin maza ne

TAMBAYA: Salam Anti. Ni ɗaliba ce ƴar SS3 ajin kimiyya a Zariya, tun ina ƙarama nake son harkar wutar lantarki, ko soket ya lalace a gida ni nake gyarawa, har na iya haɗa ƙaramin sola. Toh yanzu za mu cike JAMB, Baba ya ce nas zan yi ko malanta, wai wane miji ne zai bar matarsa tana hawa falwaya cikin maza. Mama ma ta goyi bayansa. Dan Allah ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya wasiƙarki ta taɓa ni, don ƴan mata da yawa a daidai wannan gaɓar ta cike fom ake juya musu rayuwa, yarinya tana cin lissafi da fiziks amma sai a ce ai ke mace ce, je ki yi abin da zai bar ki kusa da gida. Su ma samarin ba su tsira ba fa, yaro ya ce girki yake so ya koya sai a fara kiransa ɗan daudu.

Ki lura da maganar Baba da kyau, bai ce ba ki da ƙwaƙwalwa ba, tsoronsa aure ne da cuɗanya da maza, kin ga kenan nan za ki ba shi amsa ba wai ki tsaya musu ba. Injiniyan lantarki ba kullum yake kan falwaya ba, akwai masu zana tsarin wayoyin gini a kwamfuta, akwai masu lissafin batir da faifan sola nawa gida ke buƙata, akwai masu koyarwa a jami'a. Ita kuma nas ɗin da ake gani aikin mata ce tana kwanan asibiti, tana jinyar maza, duka biyun kuma shekara 5 ne a jami'a. Ki faɗa masa ƙungiyar injiniyoyin Najeriya NSE da aka kafa a 1958 ta samu shugaba mace ta farko, Margaret Oguntala, a 2024, kuma ga ABU nan a garinku ana karatun, ba sai kin yi nisa ba.

Ki kula da fom ɗin sosai: darussan JAMB na injiniya Turanci ne da lissafi da fiziks da kemistiri, nas kuma bayoloji ne a madadin lissafi, in kika cike ɗaya to kin rufe ƙofar ɗayan a wannan shekarar. Don haka kar ki cike a ɓoye, kar kuma ki bari a cike miki a shagon intanet ba kya wurin. Ki samu kawu ko gwaggo da Baba yake jin maganarsu, ki roƙi malamin fiziks ɗinku ya zo gida da sakamakonki su zauna da shi kafin a rufe rajista.